Tambaya: Taswirar latsa-ka-gani a rahoton ɗorewar kamfanin makamashi, me za a ɗora a kai, kuma wa zai tantance ta?

Jami'ar_Ɗorewa ta rubuta:

Assalamu alaikum, ma'abota wannan zaure. Ina aiki ne a sashen da ke haɗa rahoton ɗorewa na shekara-shekara a wani kamfanin makamashi, wato rahoton da kamfani ke bayyana yawan hayaƙin da ya fitar, da ruwan da ya ɗiba, da filayen da ya mamaye, da kuma yadda ya zauna da al'ummomin da ke maƙwabtaka da ayyukansa. Kamfanin namu yana da tashoshin lantarki masu ƙona gas, da bututun da ke kai musu gas ɗin, sai filayen sola biyu da ba a daɗe da kammalawa ba. Duk shekarun da suka gabata fayil ɗin PDF muke fitarwa mai shafuka fiye da 100, wanda ba na zaton akwai mai karanta shi daga bango zuwa bango, in ba mu da muka rubuta shi ba, sai oditocin da aka biya su karanta.

Bana shugabanni suka ce a haɗa rahoton da taswirar dijital irin ta latsa-ka-gani, wadda mai karatu zai zuƙo wuri, ya latsa kan tasha, alƙalumanta su bayyana masa nan take. Na yi murna da shawarar, har ranar da masu zane suka kawo mana samfurin farko. Filayen solar nan biyu da wuraren da muka dasa itatuwa sun fito da manya-manyan alamomi kore shar, tashoshin gas kuwa, waɗanda su ne ke fitar da kusan dukkan hayaƙinmu, an mayar da su 'yan ɗigogi ruwan toka da sai an ƙura ido kafin a gan su. Babu adadi ko ɗaya na ƙarya a cikin samfurin, amma duk wanda ya kalle shi na ɗan lokaci zai tafi da hoton wani kamfani daban a ransa, ba namu ba.

Shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan aiki. Waɗanne bayanai ne suka cancanci hawa taswira, kuma daga ina ake samo su? Ta yaya odita zai tantance shafin da ake iya sauya shi kowace rana? Sannan iya ina ya kamata a tsaya wajen nuna ainihin wurin da kayan aiki suke, tunda tun yanzu sashen tsaronmu ya fara ɗari-ɗari da maganar?

Mai_Taswira ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya faru a wurinku shi ne an yi kwalliya tun ba a yi wanka ba, domin an ba masu zane aiki kafin a ba masu bayanai. Taswirar rahoto daga rajistar kadarori take farawa. Kowace tasha da kowane bututu da kowane fili yana buƙatar lamba ɗaya tak wadda ba ta sauyawa, kuma wannan lambar ce za ta riƙa bin sa a takardun sashen muhalli da na sashen kuɗi da na injiniyoyi. Bayan haka a zana iyakar kowane wuri yadda take a ƙasa. Ɗigo ɗaya ba ya nuna komai face inda ƙofar shiga take, alhali filin sola yana iya shimfiɗuwa a kan ɗaruruwan kadada, bututu kuwa layi ne da ke ratsa dazuzzuka da koguna da gonaki, kuma a can tsakiyar hanya tasirinsa yake, ba a bakinsa ba.

Ainihin amfanin taswira yana bayyana ne idan aka ɗora fallen bayanai a kan wani falle. Ɗauki ruwa misali. Ma'aunin GRI 303 na shekarar 2018, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rubuta rahoton ɗorewa na ƙungiyar GRI, ya nemi kamfani ya faɗi jimillar ruwan da ya ɗiba, sannan ya ware wanda ya ɗiba a yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa. Cibiyar World Resources Institute tana da taswirar Aqueduct da ta rarraba duniya bisa kwarurukan koguna, inda take ɗaukar kwarin da ake ɗibar kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na ruwansa a matsayin mai matsi sosai, wanda ya haura kashi 80 kuma matsinsa ya kai matuƙa. Ki kwatanta tashoshi biyu da ke shan ruwa daidai wa daida domin sanyaya injina, ɗaya a gefen kogin da ba ya ƙafewa, ɗaya a kwarin da manoma da birane ke rububin abin da ya rage. A cikin jadawali adadinsu ɗaya ne, kuma idan aka tara su ma sai bambancin ya ɓace gaba ɗaya, amma da zarar an ɗora su a kan wannan falle, ko yaro zai gane wadda ke cikin rigima.

Haka lamarin yake game da namun daji da tsirrai. Rumbun bayanan yankunan da doka ta kare a duniya, wanda ake gani a shafin Protected Planet, cibiyar UNEP-WCMC mai aiki da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ne ke kula da shi, sai dai ki lura cewa kamfani ba ya ɗaukar sa haka nan ya yi harkar kasuwanci da shi, ta hanyar IBAT, dandalin da ke ba kamfanoni waɗannan bayanai, ake bi a samu izini. Sabon ma'aunin GRI 101 kan halittu da aka fitar a 2024, wanda ya maye gurbin GRI 304 daga watan Janairun 2026, ya ƙara matsa wa kamfanoni su faɗi wuraren da tasirinsu ya fi tsanani, ba jimilla kawai ba. Shawarwarin da TNFD, kwamitin da ke tsara yadda kamfanoni za su bayyana alaƙarsu da halittu, ya fitar a watan Satumban 2023 ma matakinsu na farko shi ne gano inda ayyukan kamfani ke haɗuwa da halittu. Ke nan ko ba ku wallafa taswira ba, dole ku yi aikinta a cikin gida.

Akwai wani tarko da na ga ya kama ƙwararru. Yawancin taswirorin intanet a kan tsarin Web Mercator aka gina su, wanda ke kumbura ƙasa gwargwadon nisanta daga layin ikwaita, shi ya sa Girinlan ke fitowa kamar ta kai girman Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. A daidai digiri 60 na arewa ko kudu, fili yana fitowa ninki huɗu na ainihin faɗinsa. Saboda haka kada wani ya auna kadadar da kuka farfaɗo daga wannan tsari, a auna a tsarin da ke kiyaye faɗin ƙasa, sannan a nuna sakamakon a taswirar intanet.

Batun manhaja ba shi ne mai wuya ba, ArcGIS na kamfanin Esri zai yi, QGIS na kyauta ma zai yi. Game da ɗigogin nan ruwan toka kuwa, maganinsu ƙa'ida ɗaya ce da za a rubuta wa masu zane: girman alama ya bi girman adadi. Tashar da ta ninka wata sau 10 a hayaƙi, filin da da'irarta ta mamaye ya ninka sau 10, kuma launi ya nuna nau'in aiki, ba wanda ake son a yaba ba.

Tsohuwar_Odita ta amsa:

Malam Mai_Taswira ya gama da ɓangaren zane, ni kuma zan taɓa tambayarki ta biyu, domin ita ce ta taɓa hana ni barci. Odita ba ya sa hannu a kan abin da ke motsi. Ra'ayinmu muna bayar da shi ne a kan takamaiman bayanai na takamaiman lokaci, kuma idan adadin da na tantance a watan Maris yana iya zama wani abu daban a watan Yuni ba tare da sanina ba, to sa hannuna ba shi da wata daraja.

Na taɓa yin aiki da wani kamfani da ya haɗa taswirarsa kai tsaye da rumbun bayanan injiniyoyi, suna alfahari da cewa kullum sabuwa ce fil. Bayan an wallafa rahoto da 'yan makonni, wani injiniya ya gyara ma'aunin da ake lissafa hayaƙin wata tasha da shi, gyaran kuma daidai ne, amma nan take jimillar da ke taswira ta saɓa wa wadda ke cikin rahoton da aka miƙa wa masu hannun jari. Da muka zauna bin diddigi, sai muka tarar da wata matsalar ta daban: tasha ɗaya ta shiga sau biyu, da sunanta na da da kuma sunan da aka sa mata bayan an saye ta. Babu wanda ya yi niyyar ha'inci, amma wanda ya gano saɓanin daga waje ba shi da hanyar sanin haka.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba taswira gida biyu. Ta farko ita ce ta shekarar rahoto, a daskarar da ita ranar da aka rufe littattafai, a rubuta kwanan wata a jikinta, a adana ta yadda ko bayan shekara biyar za a iya buɗe ta a gan ta yadda take. Ta biyu ita ce mai sabuntawa, wadda za a rubuta ɓaro-ɓaro a samanta cewa ba a tantance ta ba tukuna. Sannan duk adadin da ke fitowa idan an latsa tasha dole ya zama akwai shi a jadawalin da mutum zai iya saukewa, kuma idan aka tara tashoshin duka, jimillar ta faɗa daidai kan wadda ke cikin rahoto. Idan akwai ragowa, kamar hayaƙin motocin kamfani ko na ofisoshi da ba su da wuri ɗaya a taswira, a ba shi layinsa a faɗi ko mene ne.

Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne iyakar rahoto. Tsarin GHG Protocol, wato ƙa'idar lissafin hayaƙi mai ɗumama yanayi, ya ba kamfani zaɓi, ko ya lissafa hayaƙi gwargwadon kason hannun jarinsa a kowane aiki, ko kuma ya lissafa na wuraren da ke ƙarƙashin ikonsa. A masana'antar mai da gas, inda rijiya ɗaya kan kasance mallakar kamfanoni uku ko huɗu, wannan zaɓi yana iya ɓatar da tasha sukutum daga rahoto. A cikin jadawali akan yi bayanin haka da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, amma a taswira wurin da ba a saka ba fili ne kawai fetal, mai kallo zai ɗauka babu komai a can. Dokar rahoton ɗorewa ta Tarayyar Turai, wato CSRD, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2023, ta wajabta wa kamfanonin da ta shafa tantancewar wani daga waje, kuma tambayar farko da mai tantancewa zai yi ita ce mene ne aka bari a waje.

Ido_A_Sama ya amsa:

Hajiya, ina so in ƙara wani abu da shugabanninku za su so su ji tun da wuri: ko kun zana taswirar ko ba ku zana ba, wasu sun riga sun zana muku. Na'urar VIIRS da ke kan tauraron ɗan'adam na Suomi NPP, wanda aka harba a 2011, tana hango harshen wutar da ake ƙona rarar gas da shi cikin dare, kuma da irin bayananta ne Bankin Duniya ke fitar da ƙididdigarsa ta kowace shekara, inda ya ce an ƙona kusan kubik mita biliyan 148 a duniya a 2023. Na'urar TROPOMI da ke kan Sentinel-5P na Turai, wanda aka harba a watan Oktoban 2017, tana zagaya duniya kullum tana auna iskar metan, wadda ita ce babban sinadarin gas, kamfanin GHGSat na Kanada kuma yana da taurarin da ke iya zuƙowa har su nuna tashar da iskar ke fita daga cikinta. A taron sauyin yanayi na 2022 a Masar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da tsarin MARS, wanda ke aika wa gwamnatoci da kamfanoni saƙo idan an hango babban yoyo, daga baya kuma a saki bayanan ga kowa.

Dalilin wannan sa ido shi ne, a tsawon shekara 20 metan yana ɗumama yanayi fiye da iskar kabon sau 80 da wani abu, kuma alƙaluman da kamfanoni suka daɗe suna bayarwa galibi lissafi ne ba awo ba, wato a ƙirga yawan bawul da famfo a ninka da matsakaicin abin da irinsu ke fitarwa. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa metan da ke fita daga harkar mai da gas a Amurka ya zarce ƙiyasin hukumar muhalli ta ƙasar da kusan kashi 60 cikin 100, kuma babban dalilin shi ne 'yan tsirarun wurare da kayan aikinsu suka samu matsala suna ta fitar da iska ba a sani ba. Irin wannan ne lissafin matsakaici ba ya kamawa, taswirar tasha-tasha kuwa tana fallasa shi.

Don haka shawarata ita ce kowane adadi da ke taswirarku ya zo da bayanin yadda aka same shi. Tsarin OGMP 2.0, na Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin mai da gas, ya kasa rahoton metan mataki biyar, daga ƙiyasi na gaba ɗaya har zuwa mataki na biyar inda ake auna kowace kafa, sannan a auna tashar gaba ɗayanta daga sama a daidaita sakamakon biyu. Ba abu ne mai wuya ba a sa da'irar da aka auna ta zama cikakka, wadda aka ƙiyasta kuma a bar cikinta fanko. Mai karatu zai ga inda kuka sani da inda kuke zato a kallo ɗaya.

Sai dai kada a ɗora wa tauraro nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Waɗannan na'urori na metan da hasken ranar da ƙasa ke mayarwa suke aiki, saboda haka gajimare yana rufe musu ido, a kan teku ma suna shan wahala domin ruwa yana haɗiye hasken, kuma kowane ɗigon hoton TROPOMI ya kai faɗin kilomitoci da dama, ba ya ganin ƙaramin yoyo. Duk kamfanin da ya rubuta cewa tauraro bai ga komai a tasharsa ba, ya kamata ya faɗi kwana nawa aka samu sararin sama garau a cikin shekarar.

Injiniyan_Bututu ya amsa:

Ni ina tare da sashen tsaronku, amma da iyaka. Babu wani mai karanta rahoton ɗorewa da ke buƙatar sanin inda bawul ɗin rufe layi ko ɗakin sarrafa na'urori yake, kuma a wasu ƙasashe doka ma ta taƙaita bayyana irin wannan. A sassauta layin bututun yadda zai nuna yankin da ya ratsa ba tare da kowace kwana ba, a kuma hana zuƙowa fiye da wani mataki. Amma tashar lantarki mai doguwar bututun hayaƙi da ake gani a kowane hoton tauraro na kyauta, ɓoye ta da sunan tsaro ɓoye adadi ne kawai. Haka nan a yi hattara da ƙorafe-ƙorafen al'umma, a nuna yawansu a matakin yanki, kada a sa ɗigo a kan gidan wanda ya kai ƙara.

Mai_Nazarin_Jari ya amsa:

Ku yi mini afuwa in ɗan rage zafin murnar, domin ni ina cikin waɗanda ake yi wa rahoton. Idan na buɗe irin waɗannan shafuka, abin da nake fara nema shi ne maɓallin sauke jadawali, saboda ba zan latsa ɗigo 40 ɗaya bayan ɗaya ina kwafe adadi ba alhali kamfanoni 30 nake kwatantawa. Hukumar muhalli ta Amurka ta soma tattara alƙaluman hayaƙi tasha-tasha daga shekarar 2010 ga wuraren da ke fitar da tan 25,000 ko fiye a shekara, ta kuma ɗora su a taswira, kuma abin da ya sa masu bincike suka amfana da ita shi ne jadawalin da ke bayanta. Jadawalin ne kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo zai iya bi.

Inda taswira ta fi jadawali a wurina shi ne haɗarin da yanayi ke yi wa kadarori. Ma'aunin IFRS S2 na bayyana bayanan sauyin yanayi ga masu zuba jari, wanda aka fitar a watan Yunin 2023, ya nemi a faɗi yawa da kason kadarorin da ke fuskantar irin wannan haɗari, kuma ganin tasha zaune a filin ambaliya ko a gaɓar tekun da ke cin ƙasa ya fi shafi goma na bayani shiga kai.

Amma akwai abin da taswirar kadarori ba za ta taɓa nunawa ba. Ga kamfanin da ke haƙo mai ko gas ya sayar, mafi yawan hayaƙin yana fita ne lokacin da masu saye suka ƙona shi a motoci da masana'antu da gidaje, wanda GHG Protocol ke sakawa a na uku cikin rukunai ukun da ya kasa hayaƙi, kuma wannan ba shi da ɗigo a ko'ina. Ku da kuke ƙona gas a tashoshinku, babban kasonku yana rukuni na ɗaya, wato hayaƙin da kamfani ke fitarwa kai tsaye, don haka taswira za ta fi yi muku adalci, amma duk da haka metan da ya tsiyaye a rijiyoyi da bututun waɗanda suka sayar muku da gas ɗin ba zai fito ba. A sa jimillar rukunan uku a gefen taswira inda ido ba zai tsallake ta ba.

Jami'ar_Ɗorewa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na dakatar da masu zane, na kuma nemi sashen kuɗi da na injiniyoyi su kawo jerin kadarorinsu domin mu daidaita lambobi, kuma tun a zaman farko muka tarar jerin biyu ba su zo ɗaya ba. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya Odita. Muna da kaso a wata tashar gas da abokin haɗin gwiwarmu ne ke gudanar da ita, mu kuma bisa ikon gudanarwa muke lissafi, saboda haka ba ta cikin jimillarmu. Shugabana yana ganin saka ta zai rikita mai karatu.

Tsohuwar_Odita ta amsa:

A saka ta, 'yar'uwa, amma da alama ta daban, misali da'ira mai tsinke-tsinken layi, kuma idan an latsa ta a ga kason hannun jarinku, da cewa wani ne ke gudanarwa, da cewa hayaƙinta ba ya cikin jimillar da aka tantance. Idan abokin haɗin gwiwar ya ba ku adadin, a rubuta shi tare da shekararsa, sannan a nuna rabonku a ciki gwargwadon kasonku. Idan bai bayar ba, a rubuta cewa an nema ba a samu ba, a sa watan da aka nema. Tashar tana cikin bayanan kuɗinku na shekara, kuma duk mai nazarin da ya ajiye takardun biyu gefe da gefe zai lura da rashinta. Ki kuma duba yarjejeniyar haɗin gwiwar tun yanzu, domin sau da yawa akwai sharaɗin neman izinin abokin tarayya a rubuce kafin a wallafa alƙaluman tasha, kuma amsar irin wannan wasiƙa takan ɗauki makonni.